Kala ɗaya, maƙwabta ko kishiyoyi: wane haɗin kala zaki zaɓa wa sarƙar duwatsun gilashi?

Duk mai jera duwatsun gilashi da hannu ta san wannan matsalar, kala biyu su yi kyau a cikin leda, ki zube su a faranti su ƙara kyau, amma ana zira su a zare a ɗaura a wuya sai ki ga kamar an musanya miki su a hanya. Hanyoyin haɗa kala da aka fi bi guda huɗu ne, ko ki tsaya a kala ɗaya ki yi ta wasa da haskenta da duhunta, ko ki ɗauki kaloli maƙwabtan juna kamar shuɗi da ruwan bula da kore, ko ki haɗa kishiyoyi irin shuɗi da ruwan lemo, ko kuma ki saki hannu ki zuba kala huɗu biyar a abu ɗaya. Kowacce akwai inda take haskawa akwai inda take kunyata mai ita, kuma gaskiya ba ɗaya suke ba wajen sauƙi, wata ko jiya kika fara zata miki kyau wata kuma sai hannu ya faɗa sosai.

Amma kafin mu je can dole a yi maganar gilashin kansa, dan nan ne yawancin mutane suke faɗuwa ba a zaɓen kala ba. Gilashi ba fenti bane. Ja ɗaya tak zaki same shi iri biyar ko fiye, akwai mai garai-garai wanda haske yake ratsa shi, akwai toshe wanda ido baya shiga cikinsa ko kaɗan, akwai wanda aka shafe ramin cikinsa da azurfa yana dawo da haske kamar madubi, akwai marar sheƙi mai dishi-dishi da aka kankare bayansa, sannan akwai mai walwalin bakan gizo wanda ake rubuta wa AB a jikin leda, wannan rufin kamfanin Swarovski ne ya fito da shi a 1956 tare da gidan ɗinkin Dior. To waɗannan duk ja ne a suna amma a jiki ba abu ɗaya suke yi ba. Mai garai yana aron kalar abin da ke bayansa, in fata ce ya ɗauki fatar in riga ce ya ɗauki rigar, shi yasa ruwan ɗorawa mai garai yake haske a kan farin faranti amma a kan fata mai duhu sai ya mutu mus, toshe kuwa duk inda kika kai shi yana nan da kalarsa, mai azurfa a ciki kuma shi gaba yake zuwa, ko guda uku kika saka cikin hamsin su ido zai fara gani.

Abu na biyu, kalar a cikin gilashin take ko a bayansa aka shafa? Kalar gilashi ta asali daga ma'adanai take fitowa tun a wuta. Kobalt ke bada shuɗi mai zurfi kuma ɗan mitsitsi ya isa, jan ƙarfe ke bada shuɗin nan mai sirkin kore, manganis shunayya, kromiyam kore, selinyam da kadmiyam su ke kawo ja da ruwan lemo da ruwan ɗorawa, ruwan hoda na gaske kuma da wani jan mai kamar yaƙutu zinari ake sakawa a ciki, tun ƙarni na 17 masu gilashin Turai suka ƙware a wannan. Kinga dalilin da yasa ruwan hoda na asali yake da tsada, kuma dalilin kenan da yawancin ruwan hoda mai kau da shunayya mai kau a ƙananan duwatsu rini ne aka yi musu daga waje ko aka shafa kalar a cikin ramin. Irin waɗannan rana da gumi da turare da sabulu suna cinsu. Wannan ya shafi zaɓin haɗin kala kai tsaye fa, dan in kika gina sarƙa gaba ɗaya a kan kalar da zata koɗe, watarana maƙwabtanta suna nan daram ita ta tafi, haɗin ya rushe. Kamfanonin Japan guda biyu da suka shahara a ƙananan duwatsu, Miyuki da Toho, dukkansu a yankin Hiroshima suke, sun fito da rufi mai ƙarko dan wannan matsalar, na Miyuki sunansa Duracoat na Toho kuma PermaFinish, in zaki yi abin hannu ko zobe da zai dinga gogar fata ki duba wannan sunan.

To mu ɗauki kala ɗaya. Mutane suna ɗaukarta ita ce mafi sauƙi tunda ba abin da zai yi faɗa da wani, kuma haka ne bata cika yin muni ba, sai dai tana saurin yin lami. Sarƙar da duk duwatsunta shuɗi ɗaya ne girma ɗaya sheƙi ɗaya daga nesa igiya ce kawai shuɗiya, aikin da kika yi na kwana da kwanaki ba mai ganinsa. Abin da ke tada ta shine bambancin haske da duhu da bambancin fuska, misali shuɗin kobalt mai garai manya a tsakiya, gefensu shuɗi marar sheƙi wanda ya ɗan fi haske, sai ƙanana masu azurfa a ciki suna raba tsakani, can wajen maɗauri kuma ya koma ruwan bula. Kala ɗaya ce amma ido yana da inda zai yi yawo. Ribarta babba ita ce tana shiga da kaya masu zane da yawa, rigar da ta riga ta cika da fulawoyi da kaloli ba abin da take so irin sarƙa mai kala ɗaya da aka tsamo daga cikin zanen. Shuɗi da kore sun fi bada wannan haɗin dan ana samunsu tun daga mai haske har mai duhu duk na asali, ja kuwa yana da wuya, in ya yi haske ya koma ruwan hoda in ya yi duhu ya koma ruwan makuba kuma ba kullum suke zama lafiya da juna ba.

Maƙwabta kuma, wato kaloli biyu ko uku da ke jere a zagayen kaloli, da'irar da ake jera kaloli bi da bi kamar na bakan gizo, ita ce ni nake tura duk wadda ta fara, kuma ko an daɗe ana yi ita ake yawan komawa. Dalili shine gilashi da kansa yana son wannan haɗin. In kika jera kore mai garai kusa da shuɗi mai garai haske yana ratsa wannan ya faɗa kan wancan, a tsakaninsu sai wata kala ta uku ta fito wadda ba ki saya ba, kuma tunda dangi ne abin da ya fito ɗin mai kyau ne. Haka ja da ruwan lemo da ruwan zuma, haka shunayya da shuɗi da ruwan bula. Ki gwada wannan ki gani, abin hannu mai layi uku, layin sama ruwan zuma mai garai, na tsakiya ruwan goro toshe, na ƙasa ja mai duhu marar sheƙi, ki ɗaga hannu a rana zaki ga na saman yana zubo wa na tsakiya haske kamar an kunna masa fitila, na ƙasan kuma ya riƙe su kar abin ya yi yawa. Inda maƙwabta ke lalacewa guda ɗaya ne, in duk ukun suka zo da nauyi ɗaya, wato ba mai haske ba mai duhu, sai su cakuɗe su zama abu ɗaya marar suna. Gwajin wannan ba wuya, ki jera su ki ɗauki hoto da waya ki maida hoton baƙi da fari, in duk suka fito ruwan toka iri ɗaya to ki canza guda, ki kawo wadda ta fi haske sosai ko ta fi duhu sosai. Wannan gwajin ya fi duk wata doguwar magana a kan kala amfani, dan ido yana ruɗuwa da kyan kala ya manta da nauyinta amma hoton baya ruɗuwa. Kuma ko a maƙwabtan ma kar ki raba daidai wa daida, ki bar ɗaya ta zama uwar gida sauran su bi bayanta.

Kishiyoyi su ne masu ɗaukar ido daga nesa, ja da kore, shuɗi da ruwan lemo, ruwan ɗorawa da shunayya. Akwai wani masanin sinadarai Bafaranshe, Michel Eugène Chevreul, da aka ɗora a kan sashen rini na masaƙar Gobelins a Paris, ana ta ƙorafin wai baƙin zarensu ba ya fita da kyau, da ya bincika sai ya tarar rinin lafiyarsa ƙalau, kalolin da ke kusa da shi ne suke canza yadda ido ke ganinsa, a 1839 ya wallafa bayanin. Abin da ya gano shine kowace kala tana tura maƙwabciyarta wajen kishiyarta, shi yasa in kishiyoyi suka haɗu kowacce sai ta ƙara kau, ruwan lemo kusa da shuɗi ya fi ruwan lemo shi kaɗai zafi. To wannan ƙarfin shine amfaninta kuma shine haɗarinta. In kika yi rabi da rabi, dutse ja dutse kore dutse ja dutse kore duk toshe duk masu kau, ido baya samun wurin hutawa, abin sai ya dinga rawa yana gajiyar da mai kallo. Masu adon ɗaki suna da wani ƙiyasi da ke aiki a nan, cikin goma shida na babbar kala, uku na mai taimaka mata, ɗaya na mai tsokano ido, kishiyar ita ce ɗayan nan. Sarƙa shuɗiya mai duhu da ɗigon ruwan lemo nan da can ta fi wadda aka raba biyu nesa ba kusa ba. Wata dabarar kuma ki kashe wa ɗaya kaifi, maimakon ruwan lemo mai kau ki sa ruwan zuma ko ruwan ƙasa, maimakon kore shar ki sa kore mai duhu marar sheƙi, har yanzu kishiyoyi ne amma sun daina ihu.

Sai kuma maganar girma, wadda a kishiyoyi ta fi ko'ina muhimmanci. Ƙananan duwatsu lambarsu in ta ƙaru girmansu raguwa yake, 6/0 wajen milimita 4 ne, 11/0 wajen milimita 2, 15/0 ya fi haka ƙanƙanta. In kika gauraya ja da kore na 11/0 barkatai a saƙa, daga taku uku ido baya iya raba su, haɗa su yake, kuma kishiyoyi in suka haɗu a ido ruwan ƙasa ko ruwan toka suke komawa. Aikin da a hannunki yake walwali a jikin mutum sai ya zama dusu-dusu. Saboda haka kishiyoyi a ƙananan duwatsu sai a fili-fili, wannan yanki nasa wancan nasa, ko a ja layin baƙi ko fari tsakani. Maƙwabta basu da wannan matsalar ko kaɗan, in sun haɗu a ido kala mai kyau suke bayarwa, wannan ma wani dalilin ne da nake fifita su ga mai koyo. Haka in duka kishiyoyin masu garai ne suka hau kan juna a sarƙa mai layi da yawa, hasken da ya ratsa ja ya shiga kore duhu yake zama, gara ɗaya ya zama toshe.

Kala da yawa kuma mutane suna tsoronta, amma tsofaffin masu gilashi sun daɗe da warware ta kuma amsar tana jikin duwatsunsu. Ki samu dutsen birnin Benis na Italiya mai tauraro a baki ki kalle shi da kyau, wanda aka fara yi a Murano a ƙarshen ƙarni na 15, tsibirin da aka tattara masu gilashin birnin tun 1291. Hawa-hawa aka yi shi, na dā hawa bakwai, shuɗi a waje, ja a ciki, amma duk tsakanin kala da kala akwai siririn fari mai zigizag, cire farin nan a zuciyarki ki ga yadda shuɗin da jan zasu danne juna. Haka masu fulawoyi da ake kira millefiori, kala biyar shida a dutse ɗaya amma sau da yawa fulawar an zagaye ta da fari ko baƙi. Akwai kuma jan dutse mai farar zuciya, ja mai garai aka lulluɓe a kan farin gilashi, farin cikin ne yake dawo da haske jan ya yi wannan kyan, ba dan shi ba da a fata baƙi-baƙi zai yi. Darasin dai ɗaya ne, in kala ta yi yawa a nemo mai shiga tsakani, fari, baƙi, ruwan madara, ko ƙarfe, a maimaita shi daga farko har ƙarshe. Hanya ta biyu kuma ki haɗa su ta fuska, duk su zama marasa sheƙi ko duk su zama masu garai. Duwatsun Krobo na Ghana misali ne, kwalabe ake dakawa su zama gari a zuba a mazubin yumɓu a gasa, suna fitowa da ɗan kaushi ba sheƙi, shi yasa zaki jera kala shida nasu su zauna lafiya, fuskarsu ɗaya. Ki ɗauko ɗaya daga cikinsu ki ajiye kusa da dutsen Jamhuriyar Cek mai gefe-gefe mai walƙiya kuwa, ko kalarsu ɗaya sai kin yi dabara kafin su yarda da juna. In kuma kina da babban dutse ɗaya mai kaloli da zai zauna a tsakiya to an riga an yi miki aikin, ki tsamo kala biyu daga jikinsa ki yi sauran sarƙar da su, ki zaɓi wadda ta fi ƙaranci a jikinsa ba wadda ta fi yawa ba dan ita ce zata fito da shi.

Wadda take narka gilashin da kanta a bakin wuta tana naɗa shi a tsinken ƙarfe, ita tata matsalar ta ninka, dan a wuta kala ba maƙwabtaka kawai take yi ba, sinadari ne yake haɗuwa da sinadari. Gilashi ruwan hauren giwa yana da farar wuta a ciki, shuɗi mai sirkin kore kuma yana da jan ƙarfe, duk inda suka taɓa juna baƙin layi siriri yake fitowa, wasu da gangan suke nemansa dan yana zagaye ɗigo kamar an zana da alƙalami, amma in baki so sai ki raba su da gilashi farin garai. Wasu jajaye kuma a sandar gilashin da ake narkawa basu da kala sosai sai an huce an sake ɗumama su suke nuna kansu. Kuma ba kowane gilashi ke haɗuwa da kowane ba ko da kalolin sun dace, mai taushi irin na kamfanin Effetre lambar buɗewarsa a zafi 104 ce, mai tauri da ake kira borosiliket 33, in aka narka su tare wajen hucewa dutsen tsagewa yake.

Ƙarfe da zare su ma kala ne, kar a manta da su. Ruwan gwal yana ɗumama duk abin da ya taɓa, yana tafiya da ja da ruwan zuma da kore, kuma a sarƙa shuɗiya shi kaɗai ya isa ya tsaya a matsayin kishiya ba sai kin nemo ruwan lemo ba. Azurfa tana sanyaya abu, shuɗi da shunayya da ruwan toka sun fi sonta. Zare kuwa a dutse toshe ba ruwan kowa da shi, amma a mai garai ana ganinsa tar, baƙin zare cikin ruwan hoda mai garai datti yake sa shi, farin zare cikin shuɗi mai duhu kuma yana ɗan buɗe shi. Ki zira guda goma a baƙi goma a fari ki ajiye su gefe da gefe kafin ki fara. Sannan hasken da kike aiki a ciki, ƙwan fitila mai ja-ja yana kashe shuɗi da shunayya, har akwai gilashi mai sinadarin niyodimiyam da yake shunayya-shunayya a rana ya koma shuɗi-shuɗi a ƙarƙashin doguwar fitila, saboda haka a zaɓi kala da rana kusa da taga, a sake dubawa da dare in abin na fitar dare ne.

To wanne za a ɗauka? In yanzu kika fara, ko kyauta zaki yi wa wadda baki san kayanta ba, ko abin sawa kullum kike so, ki ɗauki maƙwabta uku ɗaya mai haske ɗaya tsaka-tsaki ɗaya mai duhu, da wuya ki yi asara. In kayan da za a saka da shi masu hayaniyar zane ne, kala ɗaya, amma a fuska uku. Kishiyoyi ki ajiye su sai kina son abu ɗaya da zai yi magana a kan kaya marasa zane, da manyan duwatsu, kuma ɗaya ta rinjayi ɗaya sosai, a ɗan kunne ma sun fi sauƙi dan wurin kaɗan ne basa samun damar gajiyar da ido. Kala da yawa kuma sai kin samu mai shiga tsakani a hannu tukunna, in babu ki dakata. Ga fata mai duhu toshe masu haske da masu azurfa a ciki sun fi fitowa, masu garai kuma a jera su kusa da fari ko ƙarfe dan su samu abin da zai dawo musu da haske, ga fata mai haske kuwa ruwan madara da ruwan hoda mai garai su ne ke ɓacewa sai an tallafe su da mai duhu. Duk wanda kika zaɓa ki zira kamar tsawon yatsa ki ɗora a bayan hannunki ba a faranti ba, ki tsaya gaban madubi ki ja baya taku uku. Kuma in kin yanke shawara ki sayi babbar kalar da ɗan rara lokaci ɗaya, dan gilashi zubi-zubi ake yinsa, lamba ɗaya daga zubi daban tana iya ɗan bambanta, a tsakiyar saƙa kuwa wannan ɗan bambancin layi yake fitarwa ƙarara.